Bakod na DNA zai faɗa miki sunan ɗan kaguwar da ke kwalbarki, in dai akwai wanda ya riga ya san uwarsa

In na fahimci tambayarki daidai, kin ja raga a teku kin tara ƙananan halittun nan masu shawagi a ruwa wato filankiton, kin zuba a faranti kin leƙa ta maikiroskof kin ga 'ya'yan kaguwa da na jatan lande birjik, littafin da ke hannunki ya kai ki iya dangi ya tsaya cak, sai aka ce miki ki yi bakod na DNA. Shine kike tambaya wai wannan hanyar za ta ba ki sunan kowanne ɗaya, kuma in za ta bayar to me ya rage na wahalar ƙirga gashi da ƙaya a ƙarƙashin madubi.

Toh ƙanwata, za ta ba ki sunan da yawa daga cikinsu, wasu ma har ki yi mamakin saukin abin, amma ki riƙe wannan tun yanzu don duk sauran maganata a kansa take: na'urar da ke karanta DNA ba ta san sunan kowa ba. Abin da take yi kawai shine ta karanto miki jerin haruffa daga jikin ɗan, sai ki je rumbun bayanai ki nemi wani babba da wani masani ya taɓa kamawa, ya duba shi da idonsa, ya raɗa masa suna daidai, ya karanta nasa haruffan ya ajiye. In an samu dacewa kin samu suna. In babu wanda ya taɓa yin wannan aikin a kan uwarsa, ko kuma wanda ya yi ya yi kuskure, to haruffanki haruffa ne kawai, ko ma su kai ki ga sunan ƙarya wanda ya fi rashin suna muni.

Bari in fara da dalilin da ya sa kika sha wuya da madubi, don kar ki ɗauka gazawarki ce. Waɗannan halittun 'ya'yansu ba sa kama da iyayensu ko kaɗan, kamar yadda talibambam bai kama da kwaɗo ba, nasu ma ya fi haka nisa don suna rikiɗa ne hawa hawa, kowace saɓa da sabuwar siffa. Jatan lande na dangin Penaeidae yana fitowa daga ƙwai a matsayin nauplius, ɗan mitsitsin abu mai ido ɗaya da gaɓoɓi biyu biyu har kashi uku, ya yi saɓa biyar ko shida a haka, ya koma protozoea hawa uku, ya koma mysis hawa uku, sannan ya fara kama da jatan lande. Kaguwa kuma tana fitowa a zoea, mai ƙaton ido da tsini a baya da wani a goshi, ta ƙare a megalopa kafin ta sauka ƙasa. Sunayen nan da kike gani, nauplius, zoea, megalopa, phyllosoma, asalinsu duk sunayen jinsi ne da masanan da suka ba su don sun ɗauka dabbobi ne masu zaman kansu. Müller ya raɗa Nauplius a 1785, Bosc ya raɗa Zoea a 1802, Leach ya raɗa Megalopa da Phyllosoma. Sai da John Vaughan Thompson, wani likitan soja da ke zaune a Cork ta ƙasar Ayalan, ya zauna yana kallon su suna saɓa a gabansa daga 1828 zuwa sama, ya ce jama'a zoea ɗin nan fa ɗan kaguwa ne, kuma banakul ɗin nan da ke manne a jikin jirgi da duwatsu wanda kowa ke ɗauka ɗan uwan dodon koɗi ne, ɗansa ya nuna ɗan uwan kaguwa ne. Wasu manyan masana na lokacin sai da suka ƙaryata shi. Kinga kenan matsalar da kike fuskanta ta kusa shekara 200 tana ba mutane ciwon kai.

Hanyar gargajiya ta warware abin ita ce ki kamo mace mai ɗauke da ƙwai wadda kin tabbatar da nau'inta, ki ajiye ta a dakin gwaji har ta ƙyanƙyashe, ki raini 'ya'yan kina ciyar da su kina canza musu ruwa kullum kina tsince ɓawon da suka saɓe kina zanawa, har su zama ƙananan kaguwa. Aiki ne mai kyau wallahi kuma duk littattafan da muke amfani da su a kansa aka gina su, sai dai mutuwa suke kamar me, wasu ba sa wuce hawa na biyu, ga phyllosoma na lobsta mai ƙaya da ke ɗaukar watanni da yawa a tsakiyar teku, na jinsin Jasus ma yakan kai shekara ɗaya zuwa biyu, wa zai iya rainon wannan cikin sauƙi? Na ƙasan teku mai zurfi kuwa ba a ma maganarsu. Shi ya sa a cikin masu ƙafa goma, wato kaguwa da jatan lande da lobsta da danginsu, da aka san sama da nau'i 15,000, waɗanda aka bayyana duk matakan 'ya'yansu 'yan kaɗan ne. Littafinki bai yi miki rowa ba, abin da ba a sani ba ne ya fi wanda aka sani yawa.

Abin da DNA ya kawo shine hujja ɗaya mai sauƙi, siffa tana canzawa da kowace saɓa amma haruffan da ke cikin ƙwayar halitta suna nan yadda suke daga ƙwai har tsufa. A 2003 Paul Hebert da abokan aikinsa a jami'ar Guelph ta Kanada suka ce to me zai hana duk duniya a yarda da guntu ɗaya a riƙa karanta shi a kowace dabba, suka zaɓi wani yanki na gurbin DNA mai suna COI, wanda ke cikin maitokondiriya, wato 'yan ma'aikatun samar da ƙarfi da ke cikin ƙwayar halitta, tsawonsa haruffa 658 in kin yi amfani da firaimomin, wato gajerun guntayen DNA masu kama bakin yankin don a kwafo shi, da Folmer da abokansa suka fitar a 1994, LCO1490 da HCO2198. An zaɓe shi ne don kowace ƙwayar halitta tana ɗauke da kofe da yawa nasa, don haka ko ɗan zoea mai tsawon milimita ɗaya zai ba ki abin da ya isa, sannan yana canzawa da saurin da zai raba nau'i da nau'i amma bakinsa biyu sun tsaya sosai yadda firaima za ta kama. A dangin kaguwa ma abin ya fi kyau, binciken Costa da abokansa na 2007 ya samu bambancin da ke tsakanin 'yan nau'i ɗaya bai kai kashi 1 cikin 100 ba a matsakaici, na tsakanin nau'o'in da ke jinsi ɗaya kuwa ya kai wajen kashi 17. Tazara ce babba, ita ce ma ta sa hanyar ke aiki.

Yanzu ga inda yawancin ɗalibai ke ɓata aikinsu tun kafin su shiga dakin gwaji, wato a bakin ruwa. Me kika zuba a kwalbar? In famalin ne to gaskiya sai dai ki koma teku, famalin yana ɗaure DNA da furotin ya kuma kakkarya shi, akwai dabarun ciro gajerun guntaye daga tsofaffin samfura amma ba aikin mai farawa ba ne kuma sau da yawa a tashi a tutar babu. Itanol ake so mai ƙarfin kashi 95 ko 96, tsantsa wanda ba a gauraya shi da wani sinadari ba, ki tace ruwan tekun tukuna a rariya mai laushi, kar halittun su wuce kashi ɗaya cikin huɗu na kwalbar, kuma bayan awa 24 ki zubar da itanol ɗin ki sa sabo. Wannan canjin shine mutane ke raina wa. Jikinsu ruwa ne, suna sakin shi cikin itanol ɗin ya tsinke, DNA ya fara ruɓewa a hankali kina ganin kwalba lafiya lau. Ni kaina na taɓa asarar samfurin fita guda cur ta haka, mun cika kwalabe maƙil don ragar ta kawo da yawa, ba mu canza ba sai bayan kwanaki, da muka zo PCR, wato matakin kwafo guntun DNA ya yawaita, kusan duk babu abin da ya fito, kuma wannan lokacin na shekara da wannan ruwan ba za su dawo ba, har yau abin yana ci min rai. In kina da hali ki raba kowane jan raga biyu, rabi a itanol ki sa a sanyi, rabi a famalin kashi 4 don aikin siffa, saboda itanol yana busar da su ya sa gashinsu ya riƙa karyewa. Kuma in za ki iya ɗaukar hotonsu da ransu ki ɗauka, ɗigon launin da ke jikin zoea da megalopa yana taimakawa sosai wajen ganewa kuma yana gushewa da zarar sun shiga sinadari.

Wajen ciro DNA ina roƙonki abu ɗaya, kar ki niƙe ɗan gaba ɗaya. Na san ya fi sauƙi, amma in kin niƙe shi sakamako ya fito da abin mamaki me za ki koma ki duba? In babba ne kamar megalopa ko phyllosoma ki cire ƙafa ɗaya ta isa. In ƙarami ne ki jiƙa shi dungurungum a ruwan narkarwa mai proteinase K na wasu awanni, naman ciki zai narke ya shiga ruwan, ɓawon ya rage fes kamar gilashi da duk ƙayoyinsa da gashinsa, ki tsamo shi a hankali ki ajiye a kwalba mai lamba ɗaya da ta DNA ɗin. Ɓawon nan shine shaidarki. Amfanin cire ƙafa na biyu shine kin kauce wa hanji, don ɗan ya ci abinci kafin ki kama shi, phyllosoma misali yana cin halittu masu jiki kamar kunu irin su jelifish, kuma firaimomin Folmer ba sa zaɓe, duk abin da suka samu kamawa suke, abincin cikinsa ne, ƙwayar cutar da ke manne a bayansa ce, bakteriya ce, ko fatar yatsanki. Don haka kowane zagaye na PCR ki sa bututu ɗaya da babu komai cikinsa sai ruwa, in shi ma ya fito da layi to ki zubar da zagayen duka ki sake.

Za ki ga wasu sun ƙi fitowa sam duk da DNA ɗin lafiyarsa ƙalau. Wannan ba sabon abu ba ne a dangin kaguwa da kofefod, wasu 'yan mitsitsin danginsu da ke cikin filankiton, firaimomin 1994 ba su dace da kowa ba. Ki gwada waɗanda Geller da abokansa suka gyara a 2013, jgLCO1490 da jgHCO2198, in suka ƙi ki koma 16S, wani gurbin na daban a cikin maitokondiriya. Ni ma shawarata ki riƙa yin 16S tare da COI tun farko ga masu ƙafa goma, don masanan kaguwa sun daɗe suna amfani da shi, akwai nau'o'i da dama da za ki samu 16S ɗinsu a GenBank, babban rumbun jerin DNA na duniya, babu COI.

Sai babbar matsalar da ba ta nuna kanta, wadda ake kira numt. Wani lokaci a tarihin nau'in guntun DNA na maitokondiriya yakan yi tsalle ya shiga cibiyar ƙwayar halitta ya zauna can, ba ya aikin komai, sai ya riƙa tara canje canje yadda ya ga dama. Firaimarki ba ta san bambanci ba sai ta kwafo shi a madadin na gaskiyan ko ta haɗo su biyu. Sakamakon shine ki ga ɗan da ya bambanta da uwarsa da kashi 5 ko 8 ki yi murna kin gano sabon nau'i alhali fatalwar COI kika karanta. Dangin nan sun yi suna a wannan, an nuna shi a jatan landen Alpheus, kuma Song da Buhay da abokansu sun nuna a 2008 yadda yake kumbura adadin nau'o'i a ƙirayfish, masu kama da ƙaramin lobsta a rafuka da tafkuna, da kuma fara. Maganinsa na farko kyauta ne kuma minti biyar ne: kar ki karɓi haruffa kawai daga masu karantawa, ki buɗe fayil ɗin mai zanen tsaunuka da na'urar ke fitarwa, kowane tsauni harafi ɗaya, ki duba da idonki, in kin ga tsauni biyu a kan juna a wurare da yawa akwai magana. Sannan ki fassara jerin zuwa amino asid da tsarin maitokondiriyar marasa ƙashin baya, tebur na 5 kenan, COI na gaske zai karantu daga farko har ƙarshe babu alamar tsayawa a tsakiya, babu harafi ɗaya ko biyu da suka ɓace. In kin ga TAA ko TAG a tsakiyar layin karatu to ki ajiye shi gefe. Sai dai numt ɗin da bai daɗe da tsallakawa ba zai iya wuce wannan gwajin lafiya, shi ya sa na ce ki riƙe 16S a hannu, in COI ya ce sabon abu 16S ya ce tsohon da aka sani ne kin san wa za ki tuhuma.

To mu ce jerin ya fito tsaf, kin zuba shi a BLAST, manhajar da ke nemo masu kama da shi a GenBank, ko a BOLD, rumbun da aka buɗe musamman don bakod wanda Ratnasingham da Hebert suka gabatar a 2007. Ki sani BLAST da wuya ya ce ban sani ba, kusan kullum zai jero miki wanda ya fi kusa ko da kusancin na nesa ne. Na sha ganin rahoton ɗalibi ya rubuta sunan nau'i cikakke a kan dacewar kashi 86, wannan ba suna ba ne, iyakar abin da ya gaya miki shine wataƙila dangin kaza ne. Kashi 99 zuwa 100 a kan cikakken tsawo shine ake fara maganar nau'i, tsakanin 97 da 98 ki yi taka tsantsan, kuma dokar kashi 2 ko 3 da kike ji ana faɗa al'ada ce ta aiki, halittu ba su sa hannu a kanta ba, akwai nau'o'in da suka rabu kwanan nan har yanzu COI ɗinsu kusan ɗaya ne, akwai kuma nau'i ɗaya da mutanensa na gabas da na yamma suka bambanta fiye da haka. Ƙari a kan haka maitokondiriya ta wajen uwa kaɗai ake gadonta, in nau'i biyu sun taɓa barbara to ɗan zai nuna miki sunan kakarsa ta wajen uwa ne kawai.

Ko kashi 100 ɗin ma kar ki tsaya a layin farko. Ki duba waye ya saka wannan jerin, daga wane teku, akwai samfurin babban a gidan adana halittu da lamba ko babu, an buga aikin ko kawai an jefa shi ne. GenBank ba ya tantance sunan da mutum ya rubuta, akwai jeri da yawa a ciki masu sunan kuskure, kuma kuskure ɗaya haihuwa yake, wani ya dace da shi ya saka nasa da wannan sunan, na uku ya dace da na biyu, kafin ki ankara ƙarya ta yi jama'a. In kin ga sunaye biyu ko uku daban duk a kashi 99 to ɗaya cikin biyu ne, ko wani ya yi kuskure ko jinsin yana buƙatar gyara, ki sauko da jerin duka ki gina bishiya ki ga inda naki ya faɗa. Kuma ki tambayi kanki, wannan nau'in an taɓa ganinsa a wannan tekun? In amsar a'a ce ba lallai kuskure ba ne, zai iya zama baƙo ne ya shigo, amma irin wannan da'awar tana son hujja biyu uku.

Abin da ya fi komai amfani da za ki yi wa kanki, kuma na fi so ki ɗauke shi da muhimmanci fiye da sayen kowace na'ura, shine ki gina naki ɗan rumbun. Ki bi gaɓar da kika ja ragar ki tara manyan kaguwa da jatan lande da ke wurin, ki kai wa wanda ya san su da gaske ya tabbatar da sunayen, ki karanta COI da 16S ɗinsu, ki ajiye jikinsu a itanol da lamba. Rumbunan duniya sun fi cika da halittun Turai da Arewacin Amurka da wasu sassan Asiya, tekunan wurare masu zafi inda nau'o'in suka fi yawa su ne suka fi giɓi. Babba ashirin ko talatin da kika tabbatar da kanki za su warware miki 'ya'ya fiye da yadda kike zato.

Kin haɗa ganewa da rarrabawa a tambayarki, to abu biyu ne. COI gwani ne wajen cewa wannan da wannan ɗaya ne, amma in ana maganar wane dangi ne ko wane babban rukuni, ƙarfinsa yana raguwa, don yana canzawa da sauri har wuri ɗaya ya canza sau da yawa tarihin ya goge. A nan sai an haɗa da guraben DNA masu tafiyar hawainiya irin 18S da 28S da H3. Misalin da nake so ƙwarai shine Cerataspis monstrosa, wata halitta mai kumburarren sulke da ƙahonni da Gray ya bayyana a 1828, ana yawan samunta a cikin cikin kifin tuna da makamantansa, kowa ya san ɗan wani abu ne amma na wa? Sai a 2012 Heather Bracken-Grissom da abokanta suka samu sabon samfuri daga mashigin tekun Meziko wanda DNA ɗinsa bai lalace ba, suka karanta gurabe da dama suka ga ashe ɗan Plesiopenaeus armatus ne, wani jatan lande na ƙasan teku mai zurfi da ba ya kama da shi ta ko'ina. Shekara 184. Na Amphionides ma ya fi girgiza mutane, an ware masa babban rukuni nasa shi kaɗai a littattafai, sai a 2015 De Grave da abokansa suka nuna ɗan jatan lande ne na rukunin Caridea, rukuni guda ya rushe. A duka biyun abin ya yiwu ne don akwai manyan da aka riga aka karanta a ajiye ana jiran a kwatanta.

Yanzu ɓangare na biyu na tambayarki, ko za ki huta da madubi. A'a ƙanwata, kuma ba don son wahala ba. DNA na zoea na farko da na megalopa iri ɗaya ne sak, shine ƙarfin hanyar kuma shine makantarta, ba za ta taɓa gaya miki matakin da ɗan yake ba. Ido ne kawai zai ga cewa zoea na farko idanunsa a manne suke da kai, daga na biyu suke hawa kan sanda, kuma gashin iyo da ke bakin ƙafafun ninƙaya huɗu ne a matakin farko, shida a na biyu, takwas a na uku a yawancin kaguwa. Kuma matakin shine rabin labarin. In kin samu zoea na farko da yawa kin san iyayen suna kusa kuma kwanan nan aka ƙyanƙyashe, kin samu lokacin haihuwa kenan. In megalopa kika samu kin san sun gama yawo suna neman wurin sauka, wataƙila daga nesa ruwa ya kawo su. Mai kula da kamun lobsta ko kaguwa wannan bambancin shine abin da yake nema. Haka mai binciken ruwan balas, ruwan da manyan jirage ke sha a wata tashar don daidaita nauyi su zubar a wata, wanda ake kyautata zaton ta cikinsa kaguwar Sin mai gashi a hannu, Eriocheir sinensis, ta iso Jamus inda aka fara ganinta a 1912, kuma saboda irinsa aka yi yarjejeniyar ruwan balas ta 2004 da ta fara aiki a 2017. Shi ma yana son sanin suna da kuma ko abin da ransa yake, a wane mataki.

Banda haka ba za ki iya karanta dubban 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya ba. Yadda ake yi shine ki fara rarraba su da ido gida gida, masu tsinin gefe daban, marasa shi daban, masu dogon tsinin goshi kamar mashi irin na dangin Porcellanidae daban, ki duba antena da bakin wutsiya, sannan daga kowane gida ki ɗebi da yawa daga tashoshi daban da watanni daban ki karanta. Kar ki ɗauki ɗaya tal ki ce ya wakilci gidan, don sau da yawa gida ɗaya a ido yakan fashe ya zama nau'i uku a DNA, wani lokacin kuma gida uku su haɗe su zama nau'i ɗaya a matakai uku. Daga nan sai ki koma kan ɓawon da kika ajiye ki nemi abin da ya raba su wanda da farko idonki bai kama ba, in kin same shi kin samar wa duk mai zuwa bayanki mabuɗin da zai yi aiki da madubi kaɗai. Wannan shine aikin da ya fi daraja a wurina. Wani lokacin kuma sakamakon shine a gano ma'aunin da aka daɗe ana dogara da shi ba ya riƙe ruwa, kamar yadda ya faru da kofefod ɗin Calanus finmarchicus da Calanus glacialis a arewacin Atalantika, shekaru ana raba su da tsawon jiki sai DNA ya nuna a wurare da yawa tsawon nasu yana shiga juna.

Za a ce miki me zai hana ki niƙe kwalbar duka ki karanta komai lokaci ɗaya, wato metabakodin, da guntun haruffa 313 na firaimar Leray ta 2013. Yana da amfaninsa in tambayarki ita ce su waye a ruwan nan, yana da sauri kuma yana kamo waɗanda ido zai tsallake. Amma yawan karatun da nau'i ya samu ba shine yawansa a ruwa ba, ƙaton megalopa ɗaya zai danne ƙananan nauplius ɗari, firaima kuma tana da waɗanda ta fi so, ba mataki, ba ɓawo, kuma in jeri ya fito marar suna ba ki da jikin da za ki koma ki kalla. Ga aikinki na ganewa, ɗaya bayan ɗaya ya fi, metabakodin ya biyo baya in rumbunki ya yi ƙarfi.

Waɗanda suka ƙi dacewa da kowa kuma, kar ki jefar da su kar kuma ki tilasta musu suna. Barber da Boyce sun karanta 'ya'yan sitomatofod, jatan landen nan masu naushi, daga tekun Indonisiya da Bahar Maliya a 2006, rukunin da ake ganin an san shi sosai, sai ga kaso mai yawa na 'ya'yan ba su dace da kowane babba da aka sani ba, ma'ana akwai manya a ɓoye cikin ramukan murjani da ba a taɓa kamawa ba, 'ya'yansu ne suka tona su. Akwai ma waɗanda ake kira y-larva, Facetotecta, Hansen ya bayyana su tun 1899, ana samunsu a tekuna daban daban na duniya, har yau ba wanda ya ga babbansu a teku, a 2008 Glenner da abokansa a Okinawa ta Jafan suka sa musu sinadarin saɓa suka rikiɗa suka zama wani abu mai kama da tsutsa marar ƙafa, abin da ya sa ake ganin manyan a cikin jikin wata dabba suke rayuwa. In irin wannan ya faɗo ragarki bakod zai haɗa miki su gida gida amma suna babu. Ki tara su da manhajojin da ke haɗa jeri masu kama da juna irin ABGD ko ASAP, ko lambar rukuni ta BOLD da ake kira BIN, ki ba kowane gida lamba, ki rubuta iya matakin da kika tabbatar, in dangi ne dangi in jinsi ne jinsi, ki saka jerin a rumbu tare da hoto da wurin kamu da kwanan wata da zurfin ruwa da matakin ɗan.

In kin fara samun sakamako ki turo min guda biyar ko shida da suka fi ruɗa ki, amma ki haɗo da fayil ɗin zanen tsaunukan na gaba da na baya, da hoton ɗan ta gefe, da na bakin wutsiyarsa ta sama, sannan ki faɗa min me kika zuba a kwalbar ranar da kika kamo su da kuma yaushe kika canza shi.